In Inji Ya Ƙi Zama da Giya, Kada a Sa Masa Ƙarfi

Jama'a, tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta ƙara fin ƙarfin talaka, sai tsofaffin motoci da injunan Beljiyam da ake saukewa a Duwala suka zama abin dogaronmu a Garwa. Da yawa cikinsu masu giya mai canza kanta ne, wato otomatik. Wannan giya ba baƙuwa ba ce a duniya, domin kamfanin General Motors na Amurka ya fara sa ta a motocin Oldsmobile na 1940, amma mu nan hannunmu ya fi sabawa da giyar hannu.

Ni kaina na ɗanɗana kuɗata. Injin tsohuwar Corolla tawa ya buga, na sayi wani, muka kai wani gareji a nan Poumpoumré. Da aka zo haɗawa, sai bakin akwatin giya ya ƙi manne wa inji, saura ɗan tsakani kamar kaurin yatsa. Yaron gareji ya ce, "Malam, noti zai jawo shi." Ya ɗaure da sufana har muka ji ƙas. Da aka tayar da mota, inji na ruri, ƙafa ko motsi. Famfon man giya ne ya fashe, kuɗin makarantar yarana ya tafi a gyara. Sauri ya haifi nawa.

Ga abin da na koya. Tsakanin inji da giyar otomatik babu kuloci. Akwai wani tulun ƙarfe cike da mai, wanda masu Faransanci ke kira convertisseur. Cikin giya ake fara zaunar da shi, ba jikin inji ba. A zuba masa mai kamar lita 1, a riƙa juya shi ana turawa a hankali, zai faɗa ciki hawa biyu ko uku, na ƙarshe shi ne kamawar famfo. In bai kai wannan hawa ba, to shi ne zai tokare.

Abu na biyu, a tambayi mai sayar da inji: daga wace irin mota aka ciro shi? Injin Toyota 4A-FE, alal misali, yana zuwa da giyar hannu, yana kuma zuwa da otomatik. Wanda ya fito daga mai giyar hannu yana ɗauke da fulawil mai kauri, dole a cire shi a sa siririn faifan otomatik tare da nasa notika, don tsawonsu ya bambanta. A kuma leƙa ramin da ke gindin karanshaf: wasu injunan suna da ɗan boris a ciki, in ba a fitar da shi ba hancin tulun ba zai shiga ba.

Na uku, akwai 'yan turaku biyu na ƙarfe masu saita inji da giya. In ɗaya ya ɓace, ko tsohon ya maƙale a ramin da sabon zai shiga, zama ba zai yi daidai ba, faifai ya tsage daga baya.

Alamar aiki ya yi kyau ita ce bakin giya ya manne da inji da hannu kawai, tulun kuma yana juyawa sakayau, da tsakanin milimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da faifai kafin a ɗaure. Bayan nan a wanke bututun da ke kai man giya lagireto, a zuba irin man da kamfani ya rubuta, kamar Dexron ga yawancin tsofaffin Toyota. Zafin Garwa a Maris da Afirilu yana wuce digiri 40, ga hawan dutsen Mbé a hanyar Ngaundere, giya mai ƙarancin mai ba za ta kai labari ba.

Saboda haka 'yan'uwa, ranar da za a haɗa injinku ku tsaya a wurin. In kuka ga an ɗauko doguwar sufana alhali da sauran tsakani, ku ce a dakata, a sauke, a duba. Makanikai kuma, don Allah ku koya wa yaranku haƙuri. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.