Taron masu barin giya: ina gaskiya, ina jita-jita?

Mashayin giya a ƙasar Hausa a ɓoye yake sha, kuma ranar da ya so bari a ɓoye yake neman taimako. Inda bayani ya yi ƙaranci kuwa, jita-jita ke cike gurbi. Shi ya sa ake faɗin maganganu iri-iri game da tarukan da masu fama da giya ke yi don tallafa wa juna, musamman na ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA. Wasu maganganun ƙarya ne, wasu na da ƙamshin gaskiya, ɗaya kuma tana iya halaka mutum.

Ana cewa AA coci ce da ta sauya riga. Gaskiya ne Bill Wilson da Dokta Bob Smith, da suka kafa ta a garin Akron na Amurka a 1935, sun fito ne daga wata ƙungiyar Kiristoci mai suna Oxford Group. Matakai goma sha biyu na barin giya da suka wallafa a 1939 suna ambaton Allah, kuma taruka da yawa a ɗakunan coci ake yin su. Amma sharaɗin shiga ɗaya ne tak: son daina sha. Ba a tambayar addinin kowa, ba a kuma neman kowa ya sauya. Iran, ƙasar Musulmi, tana cikin ƙasashen da suka fi yawan tarukan Narcotics Anonymous, 'yar'uwar AA ta masu shan ƙwaya. Musulmin birnin Baltimore na Amurka sun kafa ƙungiyar Millati Islami a 1989, sun ɗora matakan a kan Alƙur'ani da Sunna. Wani zai ce ai tuba ta ishi Musulmi. Tuba ce ƙofa, babu ja. Sai dai mai tuban da ya koma cikin tsofaffin abokansa bayan magariba, ba shi da wanda zai kira idan ƙishirwar ta taso, yana cikin hatsari. Taron yana ba shi mutanen da suka san wannan sa'ar.

Ana kuma cewa duk wanda ya je, sunansa zai kai ga 'yan sanda ko Hisba. AA ba ta ajiye rajistar mambobi, sunan farko kaɗai ake faɗa, ba a karɓar kuɗin shiga, kuma ƙungiyar ba ta amsar gudummawa daga gwamnati ko wani na waje. Haka nan ba ta da alaƙa da gidan mari irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda aka tarar da mutane cikin sarƙa. A taro mutum da ƙafarsa yake zuwa, da ƙafarsa yake tafiya. Abin da ya rage na gaskiya a wannan fargabar shi ne sirrin yana rataye ne a kan amanar mahalarta. A ƙaramin gari ana iya cin karo da maƙwabci, don haka wasu ke zaɓar taron wata unguwa ko na intanet.

Masu cewa surutu ne kawai ba su duba hujja ba. A 2020 cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara bincike 27 da suka shafi mutane fiye da dubu goma. Ta gano cewa bayan shekara guda, kimanin kashi 42 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa da AA ta tsararren shiri ba su sake sha ba, a kan kashi 35 na waɗanda aka bi da su ta wasu hanyoyin nasihar ƙwararru. Alƙaluman sun nuna amfani, sun kuma nuna fiye da rabi kan zame. Zamewa ba ta korar mutum daga taro, gobe ya dawo.

Magana mafi hatsari ita ce wadda masu kyakkyawar niyya ke yi: "Ka yanke ta yau, ka je taro, shi ke nan." Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, idan ya yanke farat ɗaya, yana iya fara rawar hannu da gumi, sannan jijjiga irin ta farfaɗiya, da ruɗewa da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, kuma hakan na kisa. 'Yan taro ba likitoci ba ne. Irin wannan mutum asibiti zai fara zuwa, a sauko da shi da magani a ƙarƙashin kulawa, kuma akwai magunguna irin su naltrexone da ke rage ƙishirwar bayan haka.

Daga nan ne ma neman taro ya fi sauƙi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, suna duba masu shaye-shaye, kuma ma'aikatansu ne mutanen farko da ya kamata a tambaya inda masu murmurewa ke haɗuwa. Tun zamanin korona kuma taruka da yawa sun koma intanet, ana shiga da waya ko ba a kunna kyamara ba. Idan ɗan'uwanka ya ce yana so ya bari, kada ka tsaya da faɗa. Ka raka shi wurin likita, ka tambaya masa inda ake taro.