Farfaɗiya da Gishirin Jiki: Jan Hankali ga Mutanen Tegidda-n-Tesumt

Arewa da Ingal, cikin jahar Agadas, akwai garin Tegidda-n-Tesumt, inda jama'a ke jiƙa ƙasa mai gishiri, su zuba ruwanta cikin ƙananan ramuka, rana ta busar da shi. Makiyaya sun san darajar wannan gishiri ga dabbobinsu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, jinin ɗan Adam ma yana da nasa ma'aunin gishiri, kuma idan ya ragu ƙwarai ko ya wuce kima, mutum na iya faɗuwa yana jijjiga.

Yara ne suka fi shiga wannan haɗari. Zawo yana kwashe ruwa da gishirin jikin yaro. Uwa kuwa, da kyakkyawar niyya, takan dama masa ruwan gishiri da sukari ta cika gishiri, sai maganin ya koma cuta. Ga ma'aunin: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙananan cokula 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishirin abinci. In ana da ƙunshin SRO na likita, shi ya fi. Yunwa mai tsanani tana sauke sukarin jini, ita ma ta jawo jijjiga, haka nan ƙarancin kalsiyom da bitamin B6. Irin wannan jijjiga ba farfaɗiya ba ce, tana gushewa idan an gyara dalilinta. Yaro mai jijjiga da zafin jiki kuma, a gaggauta auna shi ko zazzaɓin cizon sauro ne.

Farfaɗiya ita ce wadda ke dawowa ba tare da irin waɗannan dalilai ba. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta taɓa mara lafiya. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai.

Maganin da aka fi sani a ƙasarmu shi ne fenobarbital, wato Gardénal, wanda aka fara ba masu farfaɗiya a Jamus a 1912. Yana da araha, amma yana da nasa lahani. Yana sa barci da kasala, abin lura ga mai aiki bakin ramin gishiri ko bakin rijiya. Wasu yara sukan yi ƙiriniya da saurin fushi. Shan sa shekara da shekaru yana rage bitamin D, ƙashi ya yi rauni, yana kuma rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Idan ƙuraje suka feso tare da zazzaɓi, a nufi likita ranar nan.

Babban kuskure shi ne barin maganin farat ɗaya saboda barci ko don ya ƙare: faɗuwar takan dawo a jere, har ta yi kisa. Likita kaɗai ke rage shi, sannu a hankali. Tun da hanyar Ingal da Agadas tana wuyar bi da damina, ya kamata iyali su tanadi na watannin kafin ruwa ya sauka.