Ba Ƙarfe Kaɗai Ke Ba Keken Tsere Tauri Ba

Keken da ake tsere da shi a filin katako mai zagayen mita 250, irin na gasar Olamfik, ba shi da birki, giya ɗaya gare shi. Idan gwanin gajeren zango ya miƙe tsaye ya danna feda, ƙarfin da yake zubawa kan haura wat 2,000 na 'yan daƙiƙoƙi, hannuwansa na fizgar kan keken, ƙafarsa na tura mahaɗar feda gefe. A nan firam ke neman murɗewa. Galibi ana ɗauka irin ƙarfen da aka ƙera shi da shi ne ke hana hakan, amma a ganina ƙirar bututun ce ke da babban rabo.

Gaskiya ne baƙin ƙarfe ya ninka alminiyam tauri kusan sau uku, sai dai ya ninka shi nauyi kusan sau uku shi ma. Kekunan alminiyam na farko, masu siraran bututu, sun yi suna wajen lanƙwasa, har sai da kamfanonin Klein da Cannondale a Amurka suka faɗaɗa bututun, aka koma kukan sun yi tauri da yawa. Lissafin a fili yake: idan aka ninka faɗin bututu biyu ba a taɓa kaurin bangonsa ba, nauyinsa ya ninku biyu, taurinsa kuwa kusan takwas. Kamar kwanon rufi ne, da shimfiɗaɗɗe ne da yaro ma ya naɗe shi, tudu da kwarin da aka yi masa ne ke sa ya tsaya. Baƙin ƙarfe bai cika jure wannan dabara ba, domin in an faɗaɗa shi dole a sirantar da bangon saboda nauyi, ƙaramin bugu sai ya lotsa.

Wani zai ce ai zaren kabon ya cinye fagen, ashe kayan ƙira ne ke magana. Amma me ya ba kabon nasara? Zarensa yana da tauri ne ta inda ya miƙe, don haka maƙeri ke jera shi shimfiɗa bisa shimfiɗa, wani a tsaye, wani a karkace don tare murɗewa, ya tara shi a mahaɗar feda, ya rage inda babu wahala. Keken Lotus 108 da Mike Burrows ya zana, wanda Chris Boardman ya ci zinariya da shi a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, dunƙule ɗaya ne mai yanka iska. Da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta tashi taka wa irinsa birki a 2000, siffa ta ƙayyade da nauyin da ba zai gaza kilo 6.8 ba, kabon kuwa ta bar shi.

Akwai kuma masu cewa firam ɗin da ya lanƙwasa yana mayar da ƙarfin idan ya miƙe, don haka ba a yi asara ba. Suna da rabon gaskiya, kuma a tseren keirin na maza a Japan har yau firam ɗin baƙin ƙarfe ake hawa, gudun bai ragu da ban tsoro ba. Sai dai can doka ce ta daidaita kowa. Kuma matsalar ta wuce asarar ƙarfi: a kwanar da gangarenta ya haura digiri 40, ana gudun kilomita 70 a awa kafaɗa da kafaɗa, firam mai murɗewa kan sa tayar baya ta bar sawun ta gaba, mahayin ya sassauta ƙafa daidai lokacin da ya kamata ya danna.