Ƙaramar hukuma da jama'a a zamanin annoba: misalin Safo

Sa'ad da aka tabbatar da ɓullar annobar korona a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, hukuma kuma ta yi umarni a rufe masallatai da makarantu, nauyin zartar da hukuncin a ƙauyukan Safo, cikin gundumar Madarunfa, ya faɗo ne a kan magajin gari da majalisarsa, waɗanda aljihunsu bai taka kara ya karya ba, domin harajin kasuwa da suke dogaro da shi ya riga ya raunana tun da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta 2019. Alhali kuwa a lokacin nan jihar Maraɗi, inda Safo take, tana ɗauke da dubban baƙi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, waɗanda fitinar ƴan bindiga, mai neman raba manomi da makiyayi, ta koro daga gidajensu.

Hana sallar jam'i ya haifar da tarzoma a Mirriya da Yamai, har aka buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu. A karkara, inda babu jami'in da zai tsare ƙofar kowane masallaci, maslaha ta rataya ga liman da mai gari, tun da maganarsu ake ji. A ganina nan ne ainihin ikon yake. Ciyarwa kuwa jama'a ta ɗauka da kanta: zakka da sadakar azumi, adashin mata, da tiyar gero da maƙwabci yake aunawa daga rumbunsa ya aika gidan baƙo.