Farar Cutar Ganyen Kabewa: Feshi Kaɗai Ba Zai Wadatar Ba

Wanda ya ratsa gonakin karkarar Dutse, Kiyawa ko Jahun a ƙarshen damina, ko lambunan rani na bakin madatsar ruwa ta Warwade, yakan ga ganyen kabewa ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Da yawa sukan ɗauka ƙura ce. Fumfuna ce, wadda iska ke kai ƙwayoyinta gona zuwa gona, kuma ba ta buƙatar ganye ya jiƙe kafin ta kama. Takan fara da tsofaffin ganyayen da ke cikin inuwa, musamman ta ƙarƙashinsu. Idan ganye ya bushe da wuri, sai kabewa ta tsumbure, rana ta ƙone ta, ta kasa jure ajiya. A kasuwar Shuwarin manomi zai gane asararsa.

Kuskuren farko shi ne fesa maganin ƙwari, alhali ba ƙwaro ne ya kawo cutar ba. Na biyu, jira har gona ta yi fari fat. Maganin farar wuta rigakafi ne, ba ya farfaɗo da ganyen da ya mutu, kuma yakan ƙona shuka idan zafi ya haura digiri 32, don haka sai a jira rana ta yi sanyi. Magungunan da ke shiga jikin shuka kuwa, irin su azoxystrobin, sun daina cin wannan cuta a ƙasashe da dama saboda yawan maimaita su. Wajibi ne a riƙa sauya rukunin magani, a duba lambar NAFDAC, a tabbata feshin ya kai ƙarƙashin ganye.

Mafita mai ɗorewa tana ga iri. Masanan Jami'ar Cornell a Amurka sun ɗauko juriya daga wata kabewar daji suka shigar da ita cikin ta noma. Irin wannan iri yana jinkirta cutar, ya rage yawan feshi, ko da yake ba ya kawar da ita baki ɗaya. Sai dai kabewar da aka tsara don kasuwar Amurka ba lalle ta dace da ƙasarmu da miyar taushenmu ba. Ya kamata tsangayar aikin gona ta Jami'ar Tarayya ta Dutse da hukumar JARDA su tattara irin kabewar ƙauyukanmu, su shuka su gefe da gefe, su faɗa wa manoma wanda ya fi juriya.

Kafin nan, manomi ya riƙa juya ganye yana dubawa kowane mako, ya ba shuka tazara, kuma ya ajiye iri daga yaɗon da ya fi daɗewa da koren ganye.