Abin da ya sa jaruman finafinai da wasannin kwamfuta ke ɗaura bel rututu

A shekarar 2001 kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Final Fantasy X. Cikin taurarin labarin akwai wata matsafiya da ake kira Lulu, mace mai tsare gida da ƙarancin magana. Rigarta baƙa ce doguwa har ƙasa, sai dai gaban rigar, tun daga cinya zuwa idon sawu, ba yadi ba ne. Bel ne na fata masu ɗimbin yawa aka sarƙa, wani kan wani, kamar saƙar kwando. Babu ɗaya daga cikinsu da ke riƙe da wando, babu kuma wanda aka rataya wa wuƙa ko jaka, domin ita da 'yar tsana da tsafi take yaƙi.

Lulu ta yi fice ne kawai, amma ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ke zama kusa da yaran da ke kallon katun na Japan ko buga wasan kwamfuta ya ga irin wannan shiga: bel biyu ko uku a ƙugu, ɗaya a wuya, wasu a damtse, wasu a cinya, har da kan takalmi. Masu kallo a ƙasashe da dama sun daɗe suna yi wa abin ba'a. Amma mai zane ba ya ja layi a banza, domin kowane layi kuɗi ne da lokaci. Idan har ya nace sai ya jibga wa jarumi bel goma, akwai abin da yake son ido ya karanta kafin jarumin ya buɗe baki.

Bel ɗin da ke riƙe wando baƙo ne a tarihin sutura. Kamfanin Levi's ma sai a 1922 ya fara ɗinka wa wandunansa 'yan hanyoyin zura bel. Kafin nan igiyar kafaɗa ce ke riƙe da wandon ma'aikaci. Tsohon aikin ɗamara shi ne ɗaukar makami, shi ya sa Bahaushe idan ya ce wane ya ɗaura ɗamara, ba ado yake nufi ba, shiri yake nufi, kuma har gobe ana kiran soja da ɗan sanda masu ɗamara. 'Yan bindigar Turai na ƙarni na 17 sukan rataya wata ɗamara a kafaɗa mai ɗauke da ƙananan kwalaben katako, kowanne da albarushin harbi ɗaya. Hotunan mayaƙan juyin juya halin Meziko da ya fara a 1910, irin su Pancho Villa, sun nuna su da ɗamarun harsashi biyu a gicciye bisa ƙirji.

Ko ɗamarar da hafsoshi ke sa wa a ranar fareti, mai igiya da ta tashi daga ƙugu ta haye kafaɗar dama, larura ce ta haife ta. Wani hafsan sojan Birtaniya a Indiya, Sam Browne, ya rasa hannunsa na hagu a wani gumurzu a 1858. Mai zare takobi yana buƙatar hannun hagu ya riƙe kube, shi kuwa ba shi da shi, sai ya ƙirƙiro ɗamarar da za ta danne kuben a wuri ɗaya. Har yau da sunansa ake kiranta.

Daga nan fim da mujallun labaran zane suka gaji ma'anar. Kaboyin finafinan Amurka yana da bel na wando, yana da na bindiga da ke saukowa kan kwatangwalo. Batman, wanda ya bayyana a 1939, an ba shi ɗamara mai aljifai a wannan shekarar, inda yake ajiye kayan dabarunsa. Han Solo na fim ɗin Star Wars na 1977 ya ari ɗaurin kaboyi sak, abokinsa Chewbacca kuwa ba ya sanye da komai sai ɗamarar harsashi a kafaɗa. Har zuwa nan kowane bel yana da aikin yi. Matsalar ta faro ne lokacin da masu zane suka yi lissafin cewa idan bel ɗaya na nuna jarumi a shirye yake, to biyar za su nuna ya fi kowa shiri.

Wanda ya kai wannan lissafi ƙarshensa a Amurka shi ne Rob Liefeld. A 1990, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya zana wa kamfanin Marvel wani sojan da ya zo daga zamani mai zuwa, mai suna Cable, shekara ɗaya bayan haka kuma ya zana Deadpool. Jaruman Liefeld suna da ɗamara a ƙugu, a ƙirji, a cinya, kowace cike da 'yan jakunkuna jere. Da wuya mai karatu ya ga an buɗe ko ɗaya. Amma mujallun sun sayu miliyoyi, sauran masu zane suka bi sahu, har jakunkunan suka zama tambarin shekarun 1990 a wannan sana'a.

Sai dai tarihin soja ba ya bayyana dalilin ɗaura bel a wuya, ko haɗa ƙafafu biyu da igiyar fata. Wannan daga wata hanya ya fito, kuma ma'anarsa kishiyar ta farko ce. A tsakiyar shekarun 1970, Vivienne Westwood da Malcolm McLaren suna da kanti a lamba 430 kan titin King's Road a birnin Landan, inda suka riƙa sayar wa matasa masu waƙar bore da ake kira punk tufafi masu zif da sarƙoƙi da maɗaurai. Mafi shahara shi ne wandon da aka haɗa gwiwoyinsa biyu da igiya, yadda mai shi ba zai iya sakin taku ba. Sun aro siffar daga kayan ɗaure mutane, irin rigar da ake ƙunshe majinyaci da ita a tsofaffin asibitocin masu taɓin hankali. Saƙon matasan shi ne al'umma ta ɗaure su, su kuwa za su sa ɗaurin a bainar jama'a su yi taƙama da shi. Mawaƙan kiɗan ƙarfe masu amon tsawa, irin su Rob Halford na ƙungiyar Judas Priest, suka ƙara baƙar fata da ƙusoshi. Da aka kai 1987 salon ya riga ya fita daga lungu: Michael Jackson, da yake son ya sauya kamanninsa zuwa na ɗan tauri, ya fito a bangon faifansa mai suna Bad cikin baƙar riga mai maɗaurai birjik.

Saboda haka bel a jikin jarumi yana iya cewa abu biyu: wannan mutum yana ɗauke da haɗari, ko kuma wannan mutum an ɗaure shi. Inda ma'anonin biyu suka haɗu, nan suturar ta fi armashi, kuma ban san misalin da ya fi Edward Scissorhands ba, fim ɗin da Tim Burton ya shirya a 1990, Johnny Depp ya fito a matsayin jarumi, Colleen Atwood ta tsara tufafi. Edward halitta ce da wani tsohon mai ƙere-ƙere ya haɗa, ya rasu kafin ya sa masa hannuwa, ya bar shi da almakasai a madadin yatsu. Jikinsa duka baƙar fata ce da maɗaurai har wuya. Mai almakashi a hannu ba zai iya kwance ko ɗaya daga cikinsu ba, don haka ba tufafi ba ne a wurinsa, fatar jikinsa ce, shaidar cewa haɗa shi aka yi ba haifarsa ba. Matar da ta kawo shi cikin gari ba ta cire masa su ba, farar riga da wando ta ɗora masa a kai. Ranar da mutanen unguwa suka juya masa baya, ya yayyage tufafin aron, baƙar fatar ta sake fitowa. Mai kallo ya fahimci abin da ya faru da zuciyarsa ba tare da an ce uffan ba.

Japan ta karɓi hanyoyin biyu a lokaci ɗaya. Mawaƙan salon da suke kira visual kei, wanda ƙungiyar X Japan ke cikin jagororinsa tun shekarun 1980, sun mayar da fata da maɗaurai kayan ƙawa, masu zane kuma suka kwasa daga wurinsu. Yugi, jarumin Yu-Gi-Oh! da Kazuki Takahashi ya fara bugawa a 1996, ɗan makaranta ne da ke wasan kati, amma yana da bel a wuya. Abokin hamayyarsa Seto Kaiba na ɗaura su a hannuwa da ƙwauri. Wasan faɗa na Guilty Gear, wanda Daisuke Ishiwatari ya ƙirƙira a 1998 cike da ishara ga mawaƙan kiɗan ƙarfe, kusan babu ɗan wasansa da ya tsira daga maɗaurai.

Akwai kuma dalilin da ya shafi na'ura, wanda masu ba'a sukan manta. Yadi mai kaɗawa yana daga cikin abubuwa mafi wahalar kwaikwaya a kwamfuta, musamman a na'urorin shekarun 1990. Tufafi matsattsu sun fi sauƙi, amma matsattsun tufafi baƙaƙe sukan mayar da jarumi dunƙulen inuwa. Bel yana raba jiki gida-gida, yana nuna inda ƙugu yake da inda cinya ta lanƙwasa, ƙarfen kansa kuma yana ƙyalli. Ado ne mai arha da ke sa a bambance wannan da wancan ko daga nesa.

Da na'urorin suka ƙara ƙarfi, sai abin ya koma nuna bajinta. Tetsuya Nomura, wanda ya shiga kamfanin Square a 1991 kuma shi ya zana Lulu, ya yi suna wajen gwada ƙwazon abokan aikinsa. Squall, jarumin Final Fantasy VIII na 1999, yana da bel a gicciye a ƙugu, kuma Nomura ya sa masa gashin dabba a wuyan riga da gangan domin ya ƙalubalanci masu haɗa hotuna masu motsi na wasan. Rigar Lulu ma da irin wannan niyya ya tsara ta, a ga ko za su iya fitar da ita daidai a sabuwar na'urar PlayStation 2 da ta fito a 2000. Wato rigar ba don Lulu aka yi ta ba, don ma'aikatan kamfanin aka yi ta, kuma a ganina wannan shi ne rauninta. Tana burge ido, amma ba ta gaya wa kowa dalilin da mace 'yar wani tsibiri mai zafi za ta yi tafiyar ƙasa da ƙasa a kafa tana jan kilo-kilo na fata.

Wahalar kuwa kan wasu take sauka. Mai zanen katun da hannu sai ya maimaita kowane maɗauri a hoto bayan hoto ba tare da ya ɓata lissafi ba, shi ya sa sau da yawa akan rage adon jarumi idan an mayar da labarin zane zuwa katun. Masoyan da ke ɗinka kayan taurari su sa a wuraren baje koli su ma sun san kuɗin da rigar Lulu ke ci.

Ba yawan bel ne laifi ba. Labarin Attack on Titan na Hajime Isayama, wanda aka fara bugawa a 2009 aka mayar katun a 2013, ya ɗaure sojojinsa da igiyoyin fata tun daga ƙirji har tafin ƙafa, fiye da yawancin jaruman da ake yi wa dariya, amma ba kasafai ake tuhumarsa ba. Sojojin suna shawagi ne tsakanin gine-gine da bishiyoyi da wayoyin da ake harbawa daga ƙugu, maɗauran kuma su ke rarraba nauyin jiki. Isayama ya ma gina wani babi a kan haka: jarumin labarin, Eren, ya yi ta kifawa da ka a jarrabawar tsayuwa kan waya, har ya kusa a kore shi daga horo, sai malaminsu ya sa aka musanya masa ɗamara, aka gano ƙarfen tasa ne ya lalace. Bayan wannan babi mai kallo ba ya ƙara kallon igiyoyin a matsayin ado, domin ya ga ran mutum a rataye da su.

Masu sana'ar su ma sun ji ba'ar da ake yi. Fim ɗin Deadpool 2 na 2018 ya sa Deadpool yana tsokanar Cable kan 'yar jakar da ya ɗaura. A wannan shekarar Liefeld da kansa ya zana wani sabon jarumi ya sa masa suna The Pouch, wato Jaka. Kansa jakunkuna ne, ƙirjinsa da hannuwansa jakunkuna ne, hatta bindigar da ke hannunsa da jakunkuna aka haɗa ta.