Tsaron Gida a Ƙwallon Ƙafa na Kan Tebur

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki ƙwallon ƙafa na kan tebur abin rage lokaci ne kawai. Amma wasa ne da ke da gasar duniya, har da hukuma tasa, ITSF, wadda aka kafa a 2002 a ƙasar Faransa. Kowane ɓangare yana da sanduna huɗu masu ɗauke da 'yan mutum-mutumi. Idan biyu da biyu ake yi, mai tsaron gida shi ke riƙe da sandar gola da ta 'yan baya biyu.

Abu na farko da ya kamata mai tsaro ya sani shi ne, idan ƙwararre ya saki ƙwallo, hannunka ba zai cim mata ba. Kafin ka motsa, ka ji ƙararta a raga. Don haka wanda ya tsaya cak yana jira ya ga inda za ta bi, ya riga ya makara.

To, ina dabara? Faɗin ragar kamar santimita 20 ne. Ka ɗauka ƙofofi uku gare ta: dama, tsakiya da hagu. Gola da ɗan baya ɗaya za su iya toshe biyu, ɗaya kuwa dole ta zauna a buɗe. Aikinka shi ne kada abokin karawa ya san wacce ce a lokacin da zai buga. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne su jera gola a bayan ɗan baya daidai, mutum biyu suna gadin ƙofa ɗaya. A'a, ka karkasa su, amma kada tazarar da ke tsakaninsu ta isa ƙwallo ta kutsa. Ka ɗan turo ƙafar ɗan bayan gaba don ya rage wa mai bugu fili.

Sannan ka riƙa motsa su, amma ba kamar mai daka ba, wanda ana iya ƙirga saukar taɓaryarsa. Mai wayo zai karanci motsinka ya buga a kan gaɓa. Yi sauri, dakata, sauya. Wani lokaci ma ka buɗe masa ƙofa da gangan, kana ganin ya yunƙura ka rufe. Doka ta ba shi daƙiƙa 15 kacal, saboda haka lokaci yana bayanka.

Idan ka tare ƙwallo, kada ka yi gaggawar dukanta ta tsakiya, inda 'yan gabansu uku ke jira. Da yawa a haka suke cin gidansu. Tsayar da ita, duba, ka tura ta gefen bango zuwa ga abokinka. Wulwula sanda kuwa, wadda wasunmu ke taƙama da ita, laifi ne a gasa, ko ƙwallo ta shiga ba za a ƙirga ba.